Launin Kogi a Teburin Maje

Suweiba: Salamu alaikum. Hello? Zarah ce?

Zarah: Wa'alaikumus salam. Ni ce, Yaya. Ina wuni?

Suweiba: Lafiya lau. Ina gajiya?

Zarah: Ba gajiya. Ya gida, ya yara?

Suweiba: Duk lafiya. Ya Landan, ya sanyi?

Zarah: Ai yanzu zafi muke, Yaya. Sai mutum ya gaji da jiran magariba rana ba ta faɗi ba.

Suweiba: Ikon Allah. Mu nan Yelwa damina ta zauna sosai, jiya ma kwana aka yi ana ruwa. Ya ƙanen nawa?

Zarah: Yana nan lafiya. Ya ɗan fita high street, titin kantunanmu, sayo attarugu.

Suweiba: Ya 'yata Ikram? Har yanzu in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa?

Zarah: Har gobe. Amma tana ji, ba a zaginta dai. Ya ƙafar taki?

Suweiba: Da sauƙi, sai in hadari ya haɗo take tuna mini da kanta. Na ga kiranki ne na ce ko lafiya. Data ta ƙare, shi ne na sa kati na kira ki kai tsaye.

Zarah: Da kin bari na sake kira.

Suweiba: In da hadari layinku ba ya shigowa. Ina jin ki.

Zarah: Ba wani abu ba ne. Tambaya ce, kada ki yi mini dariya. Zanen da Inna take ɗaurawa ranar kasuwa, wane launi ne?

Suweiba: Wace Innar?

Zarah: Innarku, mahaifiyarku. Allah ya jiƙanta.

Suweiba: Amin. Daga Landan kika kira ni ki tambayi zanen Inna? Ke da ko ganinta ba ki yi ba?

Zarah: Shi ya sa nake tambaya. Wani abu zan sa a yi wa Baban Ikram, na poka.

Suweiba: Boka? Maje ne ke zuwa wajen boka?

Zarah: A'a, Yaya, poka. Wasan karta ne.

Suweiba: Layin yana yankewa. Karta kika ce? Da furfurarsa?

Zarah: Ba kuɗi a ciki, ko sisi. Shi ya kafa wannan sharaɗin tun ranar farko. Duk Asabar bayan la'asar suke yi a nan falo, shi da abokinsa Abukari, mutumin Kumasi da suka yi tuƙin bas tare, da maƙwabciyarmu Nanret, wata nas 'yar Jos, da mijinta. Wanda chips ɗinsa suka fara ƙarewa shi ke wanke kwanuka.

Suweiba: Wato a kan soyayyen dankali ake yi?

Zarah: Ba na ci ba. Wasu 'yan faya-fayai ne kamar kwabo, masu ɗan nauyi, kala-kala. Su ake turawa tsakiyar tebur maimakon kuɗi. Fari shi ne ƙarami, sai ja, sai kore, baƙi shi ne babba.

Suweiba: Ni dai ban ce ya halatta ba.

Zarah: Na sani.

Suweiba: Amma Maje tun yana yaro haka yake. Da ƙwallon dabino yake tara yaran unguwa a zaure. To me ya haɗa wannan da zanen Inna?

Zarah: Sababbi zan yi order. Akwai kamfanin da ke yi maka kowane launi kake so. Abukari ya ce bai yarda ba. Ya ce, “Madam, fari ƙarami ne, baƙi babba ne, duniya duka haka yake, ba a canza shi.” Na ce a gidana za a canza.

Suweiba: To ai yana da gaskiya. Tsofaffin sun fashe ne?

Zarah: Ba su fashe ba.

Suweiba: Sun ɓata?

Zarah: Suna nan. Kawai dai kore da baƙin ne ba ya iya… sun yi kama da juna da yawa.

Suweiba: Wa ba ya iya me?

Zarah: Ba komai, Yaya.

Suweiba: Zarah. Kore da baƙi ba su taɓa kama da juna ba. Wa ba ya iya me?

Zarah: Ya ce kada in faɗa miki.

Suweiba: Kin riga kin faɗi rabi.

Zarah: Idonsa ne. Ciwon sugan ya taɓa idon.

Suweiba: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun yaushe?

Zarah: Tun bayan ƙaramar salla likita ya ce ya ajiye tuƙi.

Suweiba: Ya ce mini hutu ya ɗauka.

Zarah: Haka ya ce wa kowa. Yana gani, Yaya, kada hankalinki ya tashi. Yana fita shi kaɗai, yana gane mutane. Ana yi masa allura a asibitin ido, sun ce za su iya tsayar da shi inda yake. Abin da ya tafi ne ba su yi alkawarin zai dawo ba. Launuka masu duhu duk sun koma masa abu ɗaya.

Suweiba: Saboda abin da ya sami Baba ne ya ɓoye mini.

Zarah: Haka ya ce. Ya ce ke kika yi jinyar Baba lokacin da ya makance, ke kika riƙa ba shi abinci a baki. Ya ce ba zai sa ki sake kwana da wannan tunanin ba.

Suweiba: Shi ya san da me nake kwana? Bar ni in zauna tukuna. To. Ina jin ki. Abokan nasa sun sani?

Zarah: Asabar ɗin da ta wuce suka gane. Ina kicin ina jin su. Ya tura baƙaƙen nan gaba ɗaya tsakiyar tebur, a zatonsa koraye ne. Abukari ya bushe da dariya, ya ce yau Maje ya zama jarumi. Aka buɗe karta, ba shi da komai a hannu. Suna ta tsokanarsa, sai ya ɗauki guda ɗaya ya kai kusa da fuska, ya juya wajen Nanret ya ce, “Wannan ba kore ba ne?” Nanret nas ce, nan take ta gane. Ta ce masa a hankali, “Baƙi ne, Malam Maje.”

Suweiba: Sai ya yi me?

Zarah: Ya miƙe ya shigo kicin ya ce in matsa, shi ne da wanke-wanke yau. Ya wanke kwanukan nan tas, har da waɗanda na riga na wanke. Da suka tafi ya haɗa kayan wasan ya ɗora a saman wardrobe, ya ce an gama.

Suweiba: To ba shi ke nan ba? Ya huta da karta.

Zarah: Yaya, ba ki ga zaman da yake yi ba. Tun da ya bar aiki, daga kujerar taga sai masallaci. Asabar ce kaɗai nake jin dariyarsa. Tun Laraba yake fara tambaya me za a dafa musu. In wannan ma ta tafi, ban san abin da ya rage masa a garin nan ba.

Suweiba: Hm.

Zarah: Shekaranjiya na ja shi muka tafi bakin ruwa. Akwai wani benci a nan Deptford da yake so. Ruwan nan namu wani iri ne, yakan janye ya bar taɓo, jiragen ruwa su kwanta a gefensu, anjima ya dawo. Baban Ikram cewa yake kogi ne mai zuwa unguwa.

Suweiba: Bakinsa dai bai mutu ba.

Zarah: Muna zaune na ce masa, da za a ce ka zaɓi launin chips da kanka, ba ruwanka da yadda duniya take yi, me za ka zaɓa? Na ɗauka zai ce in bar maganar. Sai ya rufe ido, ya jingina. Ya ce ƙaramin ya zama ruwan ɗorawa. Ba irin na fenti ba, irin na garin ɗorawar da kuke lasa a hanyar dawowa daga makaranta, wanda ke manne wa mutum a dasashi.

Suweiba: Ɗorawar bayan makabarta. Ni nake kaɗo masa da gora, shi yana ƙasa yana tara. Duk rigarsa ta ɓaci, Inna ta yi ta faɗa.

Zarah: Ya ce na biyu ruwan goro.

Suweiba: Na gemun Baba.

Zarah: Haka ya ce, wallahi. Ya ce inda goro ya rine a ƙasan leɓe.

Suweiba: Baba ko bayan ya daina gani, a hannu yake gane jan goro da fari. Ya shafa ya ce wannan ja ne. Bai taɓa kuskure ba. Ko kuma yana yi mu ne ba ma faɗa masa, ban sani ba.

Zarah: Kamfanin ma sun ce za su iya yanka ƴan tsaga a gefen kowane ɗaya, a gane da yatsa. Na gwada faɗa masa, ya ce bai kai nan ba tukuna.

Suweiba: Kada ki sake yi masa wannan maganar. Sai ranar da ya nema da bakinsa.

Zarah: To, Yaya. Waɗannan biyun Ikram ta samo mini a kwamfuta, ba wuya. Na ukun ne ya ce zanen Inna na ranar kasuwa. Ya ce in ta sauko daga kwalekwale, tun daga nesa da shi yake gane ta a cikin mata. Ya ce shuɗi ne mai haske, kamar sama in ruwa ya ɗauke da hantsi.

Suweiba: Shuɗi?

Zarah: Haka ya ce.

Suweiba: Inna ba ta da shuɗin zane na kasuwa. Ruwan hanta ne, da ƴan fararen ganye a jiki.

Zarah: Ruwan me? Ya yanke.

Suweiba: Hanta. Ruwan hanta. Shuɗin na Gwaggo ne, ƙanwar Baba, da suke tafiya tare. Ya haɗa su ne, yana ƙarami lokacin.

Zarah: Ruwan hanta kuwa ba zai gani ba. Da baƙi duk ɗaya ne a wajensa.

Suweiba: Tsaya. Zanen yana nan ai. Yana cikin akwatin ƙarfenta a ƙuryar ɗaki. Kada ki kashe.

Zarah: Yaya, katinki.

Suweiba: Bar shi ya ci. Murfin ne ya yi tsatsa. Yauwa. Kin ji ƙamshin? Au, ina za ki ji. Har yanzu turarenta na nan, da ɗan warin kafur. Ga mayafinta. Ga tasbaharta, na ɗauka ta ɓata. Ga shi nan a ƙasa.

Zarah: Kin gan shi?

Suweiba: Bari in fito tsakar gida, ɗakin da duhu.

Zarah: Yaya? Kina ji na?

Suweiba: Ina ji.

Zarah: Ruwan hantar ne?

Suweiba: Ya koɗe, Zarah. Ganyen suna nan, amma jikin ya koma kamar toka. In na karkata shi ta nan sai in ga kamar ja-ja. In na ɗaga shi sama kuma… ke, akwai shuɗi a ciki.

Zarah: Da gaske?

Suweiba: A cikin ninkin, inda rana ba ta taɓa ba. Ko idona ne. Shekara da shekaru da za ki tashe ni daga barci zan rantse miki ruwan hanta ne. Ina ganinta yanzu haka, ta ɗora ƙwarya a ka, ta tattare zanen da hannu ɗaya kada ya jiƙe, ruwa yana sheƙi a bayanta har mutum ba ya iya kallonta sosai. To wa ya sani. Wataƙila ranar da ke bayanta ce ta sa kowa ya ga nasa.

Zarah: To wanne zan ce musu?

Suweiba: Wanda ya faɗa. Shuɗin zai iya gani?

Zarah: In mai haske ne sosai, kamar ruwan omo, yana gani.

Suweiba: Ki sa shi. Kada ki ce masa na yi gardama.

Zarah: Saura babban, wanda zai maye gurbin baƙi. Ya ce launin kogin Yelwa.

Suweiba: Wane lokaci?

Zarah: Abin da na tambaye shi ke nan. Ya ce kogi dai. Ni kuma sau ɗaya na zo, da rani, abin da na tuna yashi ne da zafi. Ikram ta nuno mini hotuna, wani ruwan ƙasa, wani kore-kore, wani fari fat kamar faranti. Kamfanin lamba suke so, ba labari ba. Kowane launi da lambarsa.

Suweiba: Kogi ba shi da lamba. Da asuba daban, da azahar daban. In ruwan sama ya sauko daga tudu sai ya yi kamar kunun kanwa. In kaka ta yi ya kwanta, sai ki ga ƙasansa.

Zarah: Abukari ya kira ni ɗazu. Ya ce ya yi tunani, a canza sauran amma a bar masa baƙi a matsayin babba, don wasa ba ya yin kwarjini in babba ba baƙi ba ne. Sai kuma ya ce, “Madam, ko ruwan hoda ne a sa, in dai Maje zai zauna.”

Suweiba: Allah ya yi masa albarka. Shi Majen ya san kina wannan?

Zarah: Bai sani ba. Ya ɗauka hira ce kawai muka yi a benci. So nake ranar Asabar in ajiye akwatin a tebur, ya buɗe da kansa. Tsorona kada ya ga kamar tausayinsa ake ji ya… Yaya, ga shi nan, na ji mukulli. Zan kira ki anjima.

Suweiba: Ba shi wayar.

Zarah: Don Allah, Yaya. Zai san na faɗa.

Suweiba: Ba zan ce komai ba. Gaisawa za mu yi.

Zarah: Sannu da zuwa. Yaya ce. Eh, Yaya Suweiba. Ga ta.

Maje: Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni?

Suweiba: Lafiya lau, Maje. Ya gida?

Maje: Alhamdu lillahi. Ya ƙafa?

Suweiba: Da sauƙi. Ya hutu?

Maje: Hutu… muna ta sha. Yaya, kuka kika yi?

Suweiba: Mura ce. Damina.

Maje: Ga Zarah nan ta juya mini baya tana goge teburin da ba datti. Ke kuma da mura. Ta faɗa miki ke nan.

Suweiba: Ni na matsa mata. Kada ka yi mata faɗa.

Maje: Ba zan yi ba. Na gaji da ɓoyon ma.

Suweiba: Da ka faɗa mini da bakinka.

Maje: Na sha ɗaukar waya in ajiye. Ba irin na Baba ba ne, Yaya. Likita ya ce ba irinsa ba ne.

Suweiba: Ko irinsa ne, ai ka ga Baba bai fasa cin goro ba, bai fasa faɗa ba. Kana shan magani?

Maje: Ina sha.

Suweiba: Ka bar shayi mai sukari?

Maje: Zarah ta ɓoye sukarin, ban san inda ta kai ba.

Suweiba: Ta kyauta. An ce kuma ka tattara kayan wasanka ka ɗora a sama.

Maje: Har wannan ta faɗa? Na ɗauka ke za ki fi kowa murna.

Suweiba: Ni ban ce ya halatta ba. Amma ka sauko da su. Mutane suna zuwa gidanka duk mako, ba za ka rufe musu ƙofa ba don ka ga baƙi ka ce kore.

Maje: Kunya na ji, Yaya. Shekara nawa ina tuƙa bas cike da mutane a garin nan, ban taɓa kuskuren danja ba. Sai ga ni ina tambayar maƙwabciya launin abin da ke tafin hannuna.

Suweiba: Ta faɗa maka?

Maje: Ta faɗa.

Suweiba: To me ya ragu a jikinka? Matarka na da wata dabara, ka bar ta ta yi. Kada ka tambaye ta.

Maje: Ashe hirar benci ba hira ba ce. Tana jin ki, ga ta nan tana dariya da hawaye. Kina ina yanzu, Yaya? Ina jin kaji.

Suweiba: Tsakar gida.

Maje: Har yanzu in aka leƙa ta katangar baya ana hango ruwa?

Suweiba: Ana hangowa. Sun yi gini a gefen hagu, amma ta wajen tsamiya a buɗe yake.

Maje: Leƙa mini.

Suweiba: Da wannan ƙafar? Sai na taka turmi.

Maje: A hankali. Ina jira. Kwanakin nan in na rufe ido ina ganinsa, amma sai ya ƙi tsayawa. In na ce ga launinsa sai ya sauya. Jiya na ga kamar ina cikin kwalekwale, Baba a baya yana tuƙi, idonsa garau, ruwan kuma ba shi da launi ko kaɗan, kamar a kan iska muke tafiya.

Suweiba: Tsaya in dafa. Bismillah. Yauwa, na hau.

Maje: Ya cika?

Suweiba: Ya cika har gindin tsamiya. Tsibirin nan na tsakiya ya nutse, sai kan ciyawa. Ga masu kwalekwale can suna dawowa, ɗaya da akuya a ciki.

Maje: Rana fa?

Suweiba: Ta karkata. Hadari ya tsage ta yamma, ta leƙo ta ƙasansa.

Maje: To wane launi ne?

Suweiba: Bari in duba da kyau. Nan kusa da gaɓa ruwan ƙasa ne, kamar kullum. Amma can tsakiya, inda hasken ya sauka, Maje, ban san me zan ce maka ba. Ba fari ba ne, ba ruwan gwal ba ne. Ka san in an buɗe sabuwar…

Maje: Sabuwar me? Yaya? Hello? Zarah, zo ki duba mini, ya yanke ne? Maza sake kira, kafin rana ta sauka.